Sabuwar anfirmiye da fiɗar gyaran jiki: ta wace ƙofa ake shiga?

ƳarBagalam:
Assalamu alaikum manya. Bana na kammala lisansi ta aikin jinya, diplom na hannu, ko sarbis sibik ban fara ba. Ɓangaren da raina ke so shi ne fiɗar gyaran jiki, irin su rage tumbi, zuƙe kitse, gyaran hanci da na tabo. An yi mini maganar wani kilinik mai zaman kansa a nan Maraɗi da ke neman anfirmiye, wai likitan kan zo lokaci-lokaci ya yi irin wannan aikin. Sabon hannu zai iya faɗawa kai tsaye, ko sai na fara da wani sashe? In sai na fara da wani, wanne? Kuma me ya kamata in iya kafin in ce na shirya?

MajonBulok:
Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da kammalawa. Kada ki faɗa kai tsaye. Ba don aikin ya fi sauran fiɗa wuya ba, don yadda ƙananan kilinik suke ne. Likita ya gama ya wanke hannu ya tafi, mai anestezi ya ga ta farka shi ma ya tafi, dare ya yi saura ke da mara lafiya. Kuma matsalolin wannan aiki kusan duka bayan an gama suke fitowa: jini ya taru ƙarƙashin fata, tansiyo ta faɗi, numfashi ya canza. A babban asibiti akwai na gaba da ke a ɗakin da ke kusa. A kilinik kuwa ke ce babba ke ce ƙarama.

Ki nemi shekara ɗaya zuwa biyu a sashen fiɗa na babban asibiti, Referansi ko CHR (babban asibitin jiha), rabi a ɗakin kwanciya rabi a bulok, wato ɗakin fiɗa. A ɗakin kwanciya ki iya sa hanyar ƙarin ruwa ko da jijiya ta ɓuya, ki iya sonda (bututun fitsari), ki iya fansama (wanke ciwo da ɗaure shi) mai tsabta daga farko har ƙarshe ba tare da kin taɓa abin da bai kamata ba, ki iya cire zare da dren (bututun da ke fitar da jini da ruwa daga ciwo), ki iya gane wanda ke zubar da jini a ciki tun kafin tansiyo ta nuna (bugun zuciya ke fara hawa, fitsari ya ragu, ya kasa zama wuri ɗaya yana neman ruwa). A bulok kuma wankin hannu, sa riga da safar hannu, shimfiɗa tebur, sanin kowane fansi (ƙarfen kama nama) da sunansa, ƙirga kompires da allurai kafin a yanka da kafin a rufe. Takardar binciken aikin fiɗa ta OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta 2008 ki haddace ta.

NaMokoyo:
Majo, da girmamawa, amma aiki fa ba a ƙasa yake ba a tsinta. Nawa ne ke zaune gida da diplom, ko suna benebola shekara da shekaru ba ko dala? An ce zo ga aiki, kai kuma ka ce ta jira shekara biyu. Da babu gara ba daɗi. Ta shiga ta koya a ciki, kowa a kan aiki ya koya.

DanGulbi_Anestezi:
NaMokoyo, a kan aiki ake koyo in akwai mai koyarwa a wurin. Bari in ba da misali guda don a ga abin da Majo ke nufi.

Wajen zuƙe kitse, kafin a sa bututu ana ɗura ruwa ƙarƙashin fata. Kowace lita ta serom mai gishiri ana zuba mata lidokayin (maganin kashe wuri) miligiram 500 zuwa 1000, adirenalin miligiram 1, da ɗan bikarbonat. A allurar kashe wuri ta yau da kullum iyakar lidokayin miligiram 4.5 ce kan kowane kilo in babu adirenalin, 7 in akwai. Mace mai kilo 60 ke nan miligiram 420, wato mililita 21 na mai kashi 2 cikin ɗari, domin kowane mililita nasa miligiram 20 ne. Amma a ruwan zuƙe kitse ana kaiwa miligiram 35 kan kilo, saboda kitse da adirenalin na riƙe maganin, a hankali yake shiga jini. To nan tarkon yake. Ba ya kai ƙololuwa a jini sai wajen awa 12 bayan an ɗura. An yi aiki ƙarfe goma na safe, ƙarfe goma na dare zuwa sha biyu mace ta ce miki leɓenta ya yi nauyi, bakinta na ɗanɗanon ƙarfe kamar ta tsotsi dala, kunnenta na ƙara. Sabon hannu zai ce gajiya ce, ya ƙara mata maganin ciwo. Abin da ke biyo baya farfaɗiya ce da rikicewar bugun zuciya.

Maganinsa Intralipid, ruwan mai da ake sawa ta jijiya, mai kashi 20: mililita 1.5 kan kilo a tura cikin minti biyu zuwa uku, sannan 0.25 kan kilo kowane minti, ga oksijen, ga kiran mai anestezi. Ƙanwata, in za ki je ganin wurin nan, ki ce a nuna miki Intralipid da idonki ki duba ranar lalacewarsa. Ki tambayi wa ke kwana, wa ake kira, minti nawa yake ɗauka ya iso, ina oksijen in wuta ta ɗauke, wane asibiti ake kai mutum in abu ya ɓaci, da wace mota. Ba a fafe gora ranar tafiya. In an fara yi miki kame-kame, kin samu amsarki.

Hajiya_Fansama:
Ɗiyata, ni ta wani gefen zan zo miki. Kin ce gyaran jiki, hankalinki na kan tumbi da hanci. A Maraɗi aikin gyaran da ke cika gadaje ba shi ba ne. Ƙuna ce: yaron da ya faɗa cikin kunun zafi, mai tuyar ƙosai da mai ya kife mata, wutar jin ɗumi lokacin hunturu, fetur ɗin kwalba. Sai abin da ƙuna ke bari, wuya ya manne da ƙirji, hammata ta haɗe, yatsu su dunƙule. Sai tabon da ke yin tudu bayan hujin kunne. Sai tsagaggen leɓe da ganɗa na haihuwa. Sai noma, wadda wasu ke ce wa ciwon iska, mai cin kunci da leɓen yara masu tamowa. OMS ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023.

Hannu ɗaya ne ke yin duka biyun. Likitan da ke rage tumbi da wanda ke buɗe hammatar da ta manne karatu guda suka yi, zare guda, dokar fata guda. Kuma wuraren koyo ba su yi nisa ba. Sakkwato akwai asibitin yara masu noma tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF na aiki da su tun 2014. Damagaram ƙungiyar Sentinelles na kula da yaran noma. Yamai akwai asibitin CURE da aka buɗe a 2010, suna gyaran leɓe da ƙagewar ƙuna. Nan bayan gari Danja, ga asibitin kuturta ga cibiyar yoyon fitsari, duk wanda ke son ya san yadda ake lallashin gyambon da ya ƙi warkewa ya nemi sitaj a irin waɗannan wurare. Wadda ta yi wata shida tana fansamar ƙuna ba za ta ji tsoron ɗinkin tumbi ba.

BaTibiri:
Ni tambayata daban ce, a gafarce ni. Shi wannan aikin ma ya halatta? Ba canza halittar Allah ba ne? Kada mu yi ta lissafin miligiram alhali tushen bai tsaya ba.

Malam_Zariya2:
Tambaya ce mai kyau Malam. Malamai sun raba shi biyu. Akwai mayar da gaɓa yadda take ko yadda aka san halittar ɗan Adam, kamar gyaran ƙuna, leɓen haihuwa, yatsa na shida, nonon da aka cire saboda kansa. Wannan sun halatta. Hujjar da aka fi kawowa ita ce ta sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito. Ɗaya ɓangaren shi ne gaɓa lafiyayya a sake mata siffa don yayi ko don a yi kama da wata, wannan ne suka hana. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna kan batun a Malesiya a 2007, a kan wannan rabon ta tsaya. Tsakaninsu akwai masu ruɗani, kamar nonon da girmansa ke sa ciwon baya ko fatar ciki da ta sauko tana ruɓar da ƙasanta bayan haihuwa da yawa. Irin waɗannan sai a haɗa maganar likita da ta malami.

BaTibiri:
Na gamsu da na farkon. Na biyun ne dai kilinik ɗin da take magana ke yi, in na fahimta.

ƳarBagalam:
Na gode ƙwarai. Malam BaTibiri na ji, zan tambaya. Hajiya, a makaranta mun yi dashen fata a takarda kawai. Me anfirmiye ke yi a kai takamaimai?

Hajiya_Fansama:
Kwanakin farko fatar da aka dasa ba ta da jijiyar jini ko ɗaya, tsotsar ruwa take yi daga naman da aka shimfiɗa ta a kai, sai daga baya ƙananan jijiyoyi su shige ta. Saboda haka abu uku ke kashe ta: jini ko ruwa ya taru ƙarƙashinta ya ɗaga ta, ta goce saboda motsi, ko ƙwayar cuta ta cinye ta. Aikinki duka tsare waɗannan ukun ne. Gaɓar a ɗaure ta da abin tallafi kada ta lanƙwashe, a ɗaga ta sama da matashi, kada uwa ta goya yaro a kan wurin. Fansamar farko galibi rana ta biyar, sai in akwai zazzaɓi, wari, ko ruwa ya huda bandeji. Ranar buɗewa ki jiƙa da serom mai gishiri ki jira, kada ki ja. Gazar mai maiko da ke manne da fatar a kwance ake zare ta, kina danne dashen da kompires mai laima. In kin fizge sama, aikin awa uku ya biyo hannunki.

Ki duba launin bandeji. Kore-kore mai shuɗi da wani wari mai zaƙi-zaƙi, wannan Pseudomonas ne, a gaya wa likita ranar. Wurin da aka yanko fatar kuwa, yawanci cinya, ya fi wurin dashen ciwo nesa ba kusa ba, kuma shi ba a son a dame shi: a canza na sama in ya jiƙe, na ƙasan a bar shi ya faɗi da kansa, kwana 10 zuwa 14. Maganin ciwo a ba da minti 30 kafin fansama, ba bayan yaro ya fara ihu ba.

Sai kwanciya. Yadda mai ƙuna ya fi jin daɗin naɗewa, haka gaɓar za ta ƙage. Ƙunar wuya ba matashi ƙarƙashin kai, ƙunar hammata hannu a buɗe, gwiwar hannu a miƙe, yatsu kowanne a naɗe shi daban.

Reya_Dare:
Tunda an shigo ƙuna, ƙara da lissafin ruwa. Babba: kai kashi 9, kowane hannu 9, kowace ƙafa 18, gaba 18, baya 18, al'aura 1. Tafin hannun mara lafiyar da yatsunsa kusan kashi 1 ne, da shi ake auna ƙunar da ta warwatsu. Lissafin Parkland na ƙarin ruwa: mililita 4 sau kilo sau kashin ƙuna, da serom Ringer lactate. Mai kilo 60 da ya ƙone kashi 20, mililita 4800 ke nan a awa 24, rabi cikin awa 8 na farko, sauran cikin 16.

DanGulbi_Anestezi:
Ƙarin bayani kan na Reya_Dare, don nan ake yawan kuskure. Awa 8 ɗin daga lokacin da wuta ta taɓa shi ake ƙirgawa, ba daga isowarsa ba. In daga ƙauye aka kawo shi bayan awa 3, mililita 2400 ɗin cikin awa 5 za su shiga. Jan fata kawai marar ƙuruji ba a sa shi a lissafi. Yaro kuma kansa ya fi girma, ƙafafunsa sun fi ƙanƙanta, lissafin tara-tara bai hau kansa ba. Yanzu ma wasu ƙa'idojin da 2 suke farawa ga babba don gudun cika ruwa. Alƙalin gaskiya fitsari ne: rabin mililita kan kilo kowace awa ga babba, mililita 1 ga yaro.

Kande227:
Mu dawo kan tambayarta. In har za ki yi aikin ƙawa a ƙasar nan, abin da zai bambanta ki da wata shi ne tambayoyin kafin aiki, domin mata ba sa gaya wa likita namiji abin da za su gaya miki. Ki rufe ƙofa ki tambaya a hankali, ba da fuskar tuhuma ba.

Na ɗaya man bilicin. Da yawansu akwai kortikoyid mai ƙarfi irin clobetasol, wasu da hydroquinone. Fatar da ta sha shi shekaru ta yi siriri kamar takardar sigari, jijiyoyi a waje, nankarwa mai faɗi a hammata da cinya. Zare na yaga ta, ɗinki na buɗewa, ƙwayar cuta na samun hanya. Kada ki ce "kina bilicin?", za ta ce a'a. Ki ce ta kawo duk man da take shafawa a leda, har haɗin da aka yi mata a kasuwa.

Na biyu ƙwayoyin ƙiba, su sha-ka-fashe. Galibi dexamethasone ne, wani lokaci haɗe da maganin ƙara cin abinci. Wadda ta daɗe tana sha jikinta ya daina yin nasa kortizol, in ta bari kwatsam ko aka yi mata aiki ba a sani ba, tansiyo na iya faɗuwa ta ƙi tashi. Ga sukari da yake tayarwa. Mai anestezi dole ya sani.

Sai asfirin da magungunan ciwon gaɓɓai, sai maganin tsarin iyali mai estrojen saboda daskarewar jini, sai taba da shisha (a bari aƙalla sati 4 kafin aiki, nikotin na tsuke jijiyoyin fata, gefen ɗinki ya mutu ya yi baƙi), sai jiƙe-jiƙen gargajiya. Gwaji: yawan jini, rukunin jini, sukari, sikila, gwajin ciki ga duk mai haila. Azumin aiki awa 6 ga abinci, awa 2 ga ruwa zalla. Kunu da fura abinci ne, ki faɗa da baki, don wasu ruwa suke ɗaukarsu.

Farmasi_SabonGari:
Kande ta taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ƙanwata, da zarar an ji kina aikin gyaran jiki za a fara biyo ki gida a ce ki yi allurar ƙara mazaunai ko ta hasken fata, ga kuɗi a hannu. Kada ki taɓa. Abin da ake sayarwa a intanet babu mai sanin abin da ke cikin kwalbar. In silikon ne na ruwa ko mai, ba ya narkewa, yawo yake cikin nama, ya yi ƙulluttai, ya fashe ya zama gyambo bayan shekaru, kuma ba ya ciruwa sai an yanke da naman. In ya shiga jijiya huhu yake tafiya. Ko mai cike fuska na gaskiya, wato acide hyaluronique, in ya toshe jijiyar jini fata na yin fari nan take da ciwo mai tsanani, kusa da hanci da goshi har makanta yana jawowa. Mai yinsa dole hyaluronidase, maganin narkar da shi, na kan teburinsa.

NaMokoyo:
Amma a Ingila da Amurka ai anfirmiyoyi ne ke yin Botox da cike fuska, kuma nan kuɗin yake. Don me namu kullum sai "kada ki taɓa"?

MajonBulok:
Can ma ba da diplom ɗin farko kaɗai ake yi ba, kuma Botox sai wanda doka ta ba ikon rubuta magani ya rubuta. A Faransa, wadda tsarin karatunmu ya fi kama da nata, allurar cike fuska aikin likita ce. Anfirmiye a nan da ordonansi take aiki. Ranar da abu ya ɓaci, mai kilinik zai ce bai sa ki ba.

Wani abin da za ki duba a wurin nan: ina ake dafa kayan aiki. Bututun zuƙe kitse dogo ne, rami gare shi, kitse na maƙalewa a ciki. In ba a wanke cikinsa da burushi da ruwa mai ƙarfi nan take ba, ko an sa a otokilab (injin dafa kaya da tururi) dattin ya kare ƙwayar cutar. Jiƙawa cikin ruwan magani kawai a ɗauraye da ruwan famfo shi ke kawo wata cuta ƴar uwar tarin fuka, wadda ba ta fitowa sai bayan sati uku zuwa wata biyu: ƙuraje jajaye a layin da bututu ya bi, suna fashewa suna ruwa, maganin yau da kullum ba ya taɓa su, sai watanni ana haɗa magunguna. Otokilab digiri 134 minti 18. In fufinel ne (tanda mai busasshen zafi), digiri 170 awa guda, kuma daga lokacin da zafin ya kai ake ƙirgawa, ba daga kunnawa ba. Ki ga tef ɗin shaida ya canza launi, ki ga rajistan da ake rubutawa.

SuraBildi:
Akwai aikin da ba wanda ya ambata, kuma shi ya fi kusa da hannunta: jinyar waɗanda suka yi aiki a waje suka dawo. Ana zuwa Tunisiya, Turkiyya, Legas, Abuja, a dawo da ɗinki ɗanye, wani lokaci da dren a jiki, likitan da ya yi aikin yana can sai dai WhatsApp.

Mai rage tumbi: kwanciya a ɗan lanƙwashe, matashi ƙarƙashin gwiwa, tafiya a sunkuye satin farko don kada ɗinki ya ja. Kwalbar Redon, wadda dren ke zuba a ciki, ki tabbata tana tsotsa. In alamar kanta ta saki, iska ta shiga, ba ta aikin komai. Ki rubuta abin da ta tara kowace awa 24 a lokaci guda, da launinsa: ja, sannan ruwan nama, sannan rawaya-rawaya. Ya sauko ƙasa da mililita 30 a yini, ana iya cirewa da izinin likita, kuma a saki tsotson kafin a ja. Bayan cirewa in ƙasan ciki ya kumbura yana motsi kamar salka, ruwa ne ya taru, likita zai zuƙe. Rigar matsi sati 4 zuwa 6, amma a zafin Afrilu da Mayu ki riƙa buɗewa kina duba ƙasanta, gumi da ninkin riga na yanka fatar da ba ta ji.

Abin da ke kisa shi ne gudan jini. Rage tumbi na cikin ayyukan ƙawa da suka fi kawo shi, ga zaman jirgi, ga zaman mota daga Yamai ko Kano. Ƙwauri ɗaya ya kumbura yana ciwo, ko numfashi ya yi sama-sama da ciwon ƙirji da bugun zuciya, ba a tausa, ba a jira safiya, urjansi kai tsaye. Zazzaɓi kuma a yi gwajin maleriya, amma ko ya nuna akwai, a buɗe ciwon a duba. Sau da yawa ana ta ba da maganin sauro alhali mugunya na taruwa.

Reya_Dare:
Daidai. In an rubuta enoxaparine, maganin hana gudan jini, yawanci miligiram 40 ne sau ɗaya a yini ƙarƙashin fata, kuma ga mai aikin ciki a cinya ake yi, nesa da ɗinki. Kumfar iskar da ke cikin sirinjin ba a fitar da ita.

Hajiya_Fansama:
SuraBildi, mililita 30 ɗin kwana biyu a jere ya fi aminci, yini ɗaya na iya zama toshewar bututu ce. A matsa bututun a gani tukuna.

SuraBildi:
Na karɓa Hajiya.

Dokta_Gobir:
Na karanta duka. Abin da nake nema ga anfirmiyen da zan bar wa mara lafiya da dare ba yawan sanin sunayen aiki ba ne, ido ne da saurin kira. Misali tsokar da aka juyo da jijiyarta don rufe rami, kamar a gyaran noma. Awa 24 na farko kowace awa ake dubawa. Littattafai na cewa a duba ja ko fari, amma a fatarmu launi ba ya nuna da wuri. Ki taɓa da bayan yatsa ki gwada ɗuminsa da fatar gefe, ki ji taurinsa. Sanyi da laushi kamar an sace iska, jini ba ya shiga. Kumburi da tauri da duhu, jini ba ya fita. In ana shakka a soka da ƙaramar allura: jini ja mai fitowa a hankali lafiya, baƙi mai saurin fitowa cunkoso, babu komai toshewa. Awoyi kaɗan ne tsakanin ceto da asara. Haka gyaran fatar ido: ciwo mai tsanani a ido ɗaya, ido ya turo, gani ya ragu, wannan jini ne bayan ido, a tashe ni ko ƙarfe nawa ne. Gefe ɗaya na nono ko fuska ya fi ɗaya kumbura yana ƙaruwa, shi ma haka. Anfirmiyen da ke jin kunyar tada likita bai dace da wannan sashe ba.

Ga NaMokoyo: ban ce ta ƙi aikin har abada ba. Tana iya neman a bar ta ta riƙa shiga ranakun aiki tana kallo tana miƙa kaya, gardin dare kuwa a ba wanda ya daɗe.

ƳarBagalam:
Dokta na gode. To karatun ƙari fa? Akwai takardar da ake yi ta wannan fannin?

MajonBulok:
A nan hanyar da aka sani ita ce ki yi shekarun aiki sannan ki koma ki yi na mataimakin likitan fiɗa ko na anestezi da reyanimasiyo. Kowanne cikinsu zai sa mai kilinik ya neme ki da kansa. A Najeriya asibitin ƙashi na tarayya da ke Inugu na da makarantar ƙarin karatu ta jinyar ƙuna da gyaran jiki, amma sai kin yi rajista da hukumar ma'aikatan jinya ta can, kuma da Ingilishi ake yi. Kafin nan ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta kowane aikin da kika shiga, rana, irin aikin, matsayinki a ciki, majo (shugaban anfirmiyoyin sashe) ya sa hannu. Ban da sunan mara lafiya.

Kande227:
Kuma ban da hoto a wayarki. Hoton kafin aiki da na bayansa da izini a rubuce ake ɗauka, a dosiye yake zama. Maraɗi ƙarama ce, zanen lalle ko zobe kaɗai ya isa a gane mace. Da yawa ko mijinta bai san ainihin abin da aka yi ba, balle kishiya.

BaTibiri:
Wannan na ƙarshen ma wata matsalar ce ta daban, amma na bari.

NaMokoyo:
Ni dai har yanzu ina ganin ta je ta ga wurin kafin ta yanke. Wataƙila akwai tsohuwar majo a can da za ta riƙe ta. Tambaya ga Hajiya: masu tudun tabon kunne da ke zuwa a yanke musu, me ake gaya musu?

Hajiya_Fansama:
A gaya musu yanka kaɗai ba ya yi, yakan dawo ya fi na da. Ana haɗawa da allurar triamcinolone cikin tabon kansa, kowane sati 4 zuwa 6, da ɗan kunne mai matsewa ko faifan silikon aƙalla awa 12 a yini har watanni. Allurar na da zafi, tana da tauri wajen turawa, sirinji mai murɗawa ake so don kada allura ta fice. In ta zube a fatar gefe, wurin zai lotsa ya yi fari, a baƙar fata kuwa ana hango shi daga nesa. Kuma duk mai irin wannan jiki a tambaye ta tun kafin kowane aikin ƙawa, a duba kunnenta da ƙirjinta da wurin lambar rigakafi.

ƳarBagalam:
Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan je in ga wurin, na rubuta tambayoyin Yaya DanGulbi da na Majo. Takardar neman sitaj a sashen fiɗa kuma, wa ake kai wa, majon sashe ko ofishin darakta?

MajonBulok:
Sunan darakta ake rubutawa, a ajiye a sakatariya da kofin diplom, ki karɓi lambar shiga. Amma ki fara gaida majon sashen tukuna, shi za a tambaya ko akwai wuri. Ki je da safe kafin a fara zagayen marasa lafiya.